Sojojin ko-ta-kwana: sau nawa kuke jan kunama a shekara?

Ɗan Kofur: Salamu alaikum. Ni sojan wucin gadi ne a Amurka, muna zuwa atisaye ƙarshen mako ɗaya a wata da sati biyu a shekara. Na shiga da zaton zan ƙoshi da harbi, sai ga shi bara sau ɗaya tak muka je fili. A gwajin harbi, mutum-mutumi 40 ke tashi, daga mita 50 zuwa 300. In ka kayar da 23 ka tsira, 36 kuma ka zama gwani. Ni da kyar na sami 24. Haka yake a wajenku?

Tsohon Saje: Ƙanena, haka yake. Rabin ranar a layi take ƙarewa, sauran a tsintar kwanson harsashi da goge bindiga. Ni ma shekara uku ina lilo a 25 kafin wani ya tsaya kaina ya ce matsalar ba ta ido ba ce, fizgar kunama nake yi. Ya kwantar da ni rub-da-ciki da bindigar M4 babu harsashi, ya ɗora kwabo a kan bakinta, ya ce in ja. Kwabon ya faɗi ya fi sau goma. Ranar da ya daina faɗuwa, makina ya hau. Kuma kada ka yi gaggawa wajen saita bindiga a mita 25 kafin gwaji, don kunyar ana jiranka ce ke sa ka tashi da karkataccen saiti.

Amma harbi na gaskiya a gasa yake. Mu 'yan National Guard, wato rundunar ko-ta-kwana ta jihohin Amurka, muna farawa da gasar jiha, ashirin na sama su sami tambarin Governor's Twenty, daga nan sai gasar Winston P. Wilson a Camp Robinson, jihar Arkansas. Harsashin da na harba a sati ɗaya na atisayen gasa ya fi na shekaru biyu a runduna.

Yar Soja: A Birtaniya kwana 27 muke bayarwa a shekara, da bindigar SA80. Na je gasar harbi ta filin Bisley sau ɗaya. Iska ce ta koya mini hankali: a mita 300 sai in ga harsashi ya kauce gefe, ina ta zargin bindiga, ashe tutocin filin masu nuna iska ne ban iya karantawa ba. Wanda ya ci lambar Sarki ta gwanin gasar kuwa, a kan kujera ake ɗaukarsa a kafaɗa.

Mai C7: Kanada. Tamu gasar a filin Connaught aka saba yi, kusa da Ottawa. Ban samu zuwa ba, takardata ta kwanta a teburin wani har lokaci ya wuce.

Ɗan Kofur: To Saje, ta ina ake shiga?

Tsohon Saje: Babu mai zuwa ya kira ka. Ka sami sajen horonku ka tambayi ranar gasa, ka nemi hutun wajen aikinka da wuri, ka bi takardarka da ƙafa. Makinka na 24 ba zai hana ka ba, akwai rukunin sababbi.