Batiri na mutuwa in mota ta kwana a ajiye

Mai Corolla: Assalamu alaikum jama'a. Corolla ce 'yar Kwatano. Muddin ina hawanta kullum lafiya lau, amma na ajiye ta ƙarshen mako, ranar Litinin sai ƙyat-ƙyat, ko tashi ba ta yi. Batirin sabo ne, mai shagon ya rantse ba daga kayansa ba ne. Mota a kashe, ina wutar ke zuwa?

Riwaya: Wa'alaikumus salam Alhaji. Ko a kashe mota tana shan wuta kaɗan, saboda agogo da kwamfutarta da makullin rimot, amma bai kamata ya wuce kamar miliamfiya 50 (ma'aunin ƙarfin wutar da ake ja) ba. In ya haura haka, akwai ɓarawo. Wanda na fi kamawa shi ne kayan da aka ƙara daga baya: tiraka (na'urar bin sawun mota), ƙararrawar ɓarayi, rediyo mai allo da wani ya jona kai tsaye da batiri maimakon ta makulli. Sai fitilar but da ba ta mutuwa in an rufe, ita ba ka gani. Na uku altaneta mai cajin batiri, in diyod ɗinta (abin da ke hana wuta komawa baya) ya ƙone tana caji da rana, da dare ta zuƙe abin da ta ba da.

Kada ka bari a yi maka canki-canki. A kwance kan batiri na nagetib, a sa mitar auna wuta tsakaninsa da batirin, a rufe ƙofofi a jira kamar rabin awa motar ta yi barci. Sannan a riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka zare lambar ta faɗi, layinsa ne.

Baban Ummi: Ni kuma sabon nan ne ban yarda da shi ba. Wasu batiran sun daɗe a shago cikin zafin Kano kafin a saya. A gwada shi da safe: lafiyayye volt 12.6 yake nunawa, in inji na aiki 13.8 zuwa 14.4. A kuma duba farin garin nan da ke taruwa a kansa, a kankare.

Mai Corolla: Na gode ƙwarai. Lallai an sa mata tiraka kwanaki, kuma tun lokacin abin ya fara.

Riwaya: To daga nan za a fara, Alhaji. Kafin ka kawo ta, in za ta kwana biyu ka riƙa cire kan nagetib.