Muhawara: Wa ya kamata a fara ɗauka a gasar fantasi ta 2025, Derrick Henry ko Saquon Barkley?

Shugaban Gasa: Assalamu alaikum jama'a. Tun da ranar zaɓen 'yan wasa ta kakar 2025 ta ƙarato a gasarmu ta fantasi, inda kowa yake zaɓar 'yan wasan NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, ya riƙa samun maki gwargwadon ƙwazonsu a fili, ina so in ajiye wata magana a gabanku, kuma na san ba kowa ne za ta yi wa daɗi ba. Ra'ayina shi ne duk wanda ya tarar da masu gudu da ƙwallo Saquon Barkley na Eagles ta Filadelfiya da Derrick Henry na Ravens ta Baltimo suna nan ba a ɗauka ba, to Henry ya kamata ya ɗauka. Ban manta abin da Barkley ya yi a 2024 ba: gudun yadi 2,005 a wasa 16, da kyautar gwarzon ɗan wasan kai hari na shekara, da kofin Super Bowl, wato wasan ƙarshe na NFL. Amma a fantasi ba a biyan mutum ladan bara. Kafin Barkley, mutum takwas ne kawai suka taɓa haura yadi 2,000 a kaka ɗaya a tarihin NFL, kuma babu ko ɗaya cikinsu da ya kai yadi 1,500 a shekarar da ta biyo baya. Eric Dickerson ya sauko daga 2,105 a 1984 zuwa 1,234. Jamal Lewis ya sauko daga 2,066 zuwa 1,006. Adrian Peterson ya yi 2,097 a 2012, ya dawo 1,266. Terrell Davis kuwa gwiwarsa ce ta lalace a wasa na huɗu na 1999, kuma bai sake komawa yadda yake ba. Idan aka haɗa da wasannin neman kofi, Barkley ya taɓa ƙwallo sau 482 a kakar bara, tsakanin wadda aka miƙa masa da wadda ya cafke. Jiki magayi.

Masoyin Eagles: Wa alaikumus salam Yallaɓai. Na karanta da kyau, amma akwai suna ɗaya da ka tsallake a jerin naka, wato Henry kansa. Ya yi yadi 2,027 a 2020 lokacin yana Titans, sannan a 2021 ƙashin ƙafarsa ya karye, ya tsaya a wasa takwas. To idan wannan tarihin hujja ne a kan Barkley, ai ya kamata mu tambayi kanmu abin da tarihi ya ce game da mai gudu da ƙwallo ɗan shekara 31. An haifi Henry a Janairun 1994, Barkley kuma a Fabrairun 1997. An miƙa wa Henry ƙwallo sau 2,355 tun shigarsa NFL a 2016, Barkley kuwa sau 1,546 tun 2018. Ta yaya za a ce nauyin shekara guda ya gajiyar da ƙaramin, amma nauyin shekara tara bai taɓa babban ba?

Shugaban Gasa: Ƙanena, sunan Henry ƙarfafa maganata yake yi, domin shi ma sai da jikinsa ya karɓi hakkinsa bayan shekarar yadi 2,000. Bambancin shi ne shi ya riga ya biya nasa bashin tun 2021, Barkley kuwa yanzu ne nasa yake jiransa. Batun shekaru kuma an yi ta faɗar sa tun kafin ya koma Baltimo. A 2023 matsakaicin gudunsa yadi 4.2 ne a kowace ɗauka, mutane da yawa suka ce ya ƙare. Sai ga shi a 2024 ya yi yadi 1,921 da matsakaicin 5.9, abin da babu wani ɗan shekara 30 ko fiye da ya taɓa kaiwa, domin Tiki Barber ne yake riƙe da wannan bajinta da yadi 1,860 tun 2005. Ravens da suke ganinsa kullum a filin atisaye sun ƙara masa kwantiragin shekara biyu a kan dala miliyan 30 a watan Mayun 2025.

Malamin Lissafi: Da izinin Yallaɓai, bari mu mayar da waɗannan alƙaluma zuwa maki, tun da da maki ake cin wasa a gasarmu. Ƙa'idar da muka sani ita ce maki ɗaya a kowane yadi goma, da maki shida a kowane tacdawun, wato kai ƙwallo bayan layin ƙarshe. Barkley ya haɗa yadi 2,283 tsakanin gudu da cafka, da tacdawun 15. Henry ya haɗa yadi 2,114 da tacdawun 18. Idan aka tsaya a kan yadi da tacdawun kaɗai, Barkley yana da maki 318, Henry yana da 319, wato kunnen doki. Amma mu a gasarmu muna ba da rabin maki a kowace cafka, kuma Barkley ya cafki 33, Henry 19, saboda haka Barkley ya wuce gaba da wajen maki shida.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne Barkley a wasa 16 ya tara nasa, domin an hutar da shi a makon ƙarshe duk da cewa yadi 101 ya rage masa ya karya tarihin Dickerson. Henry kuwa ya buga makon na 18, ya yi wa Browns yadi 138 da tacdawun biyu. Gasarmu, kamar yawancin gasannin fantasi, a mako na 17 take ƙarewa, don haka waɗannan maki fiye da 25 babu wanda ya amfana da su. Idan aka cire su, tazarar da ke tsakaninsu ta haura maki 30, wato kusan maki biyu a kowane mako. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya taɓa rasa wasa da tazarar maki ɗaya.

Hajiya Babba: Malam, lissafinka ya fita, amma lissafin bara ne, kuma abin da Shugaba yake tambaya shi ne wane ɓangare na wannan lissafi ne zai iya maimaituwa. Ni na kalli yawancin wasannin Eagles, kuma abin da na lura da shi shi ne makin Barkley sun dogara ƙwarai a kan dogon gudu. Ku tuna wasansu da Rams a watan Nuwamba, inda ya yi yadi 255: gudu biyu kawai, ɗaya na yadi 70 ɗaya na 72, su ne suka ba shi fiye da rabin wannan adadi da duka tacdawun ɗinsa biyu. Irin wannan gudu yana buƙatar komai ya zo daidai a lokaci guda, masu buɗe hanya su riƙe nasu, mai tsaron baya ya kuskure kwana, shi kuma ƙafarsa tana da sauran ƙarfi. Ba a gina tsammani a kansa kowace shekara.

Sannan ga matsalar da duk wanda ya riƙe Barkley a bara ya ɗanɗana. Idan Eagles suka iso yadi ɗaya daga layin ƙarshe, ba shi ake ba ƙwallo ba. Sai ka ga 'yan layin gaba sun duƙa ƙasa ƙafaɗa da kafaɗa, Jalen Hurts, mai jefa ƙwallo na Eagles, ya karɓi ƙwallo ya sunkuya a bayansu, mutum biyu kuma sun dafa shi ta baya suna turawa kamar masu fitar da mota daga cikin laka, har sai ya faɗa bayan layi. Sau da yawa Barkley ne ya kawo ƙwallon wurin, wani lokaci ma yana cikin masu turawar, amma maki shidan na Hurts ne. Hurts ya ci tacdawun 14 da ƙafarsa a 2024, ya fi Barkley da yake da 13. A watan Mayun 2025 masu ƙungiyoyin NFL sun kaɗa ƙuri'a a kan hana wannan salo, ba a samu adadin da ake buƙata ba, don haka yana nan daram. A Baltimo kuwa, duk da mai jefa ƙwallonsu Lamar Jackson ya yi gudun yadi 915, tacdawun huɗu kawai ya ci da ƙafa, domin idan an zo bakin layi Henry ake miƙa wa. Aikin bakin layi shi ne abin da ya fi tabbata daga shekara zuwa shekara, kuma a hannun Henry yake.

Masoyin Eagles: Hajiya, Allah ya ƙara girma, amma ai shi ma Henry ya ci moriyar dogon gudu. Taɓawarsa ta farko a wasansu da Bills a watan Satumba gudun yadi 87 ne har gida. Idan za a rage wa Barkley saboda irin wannan, sai a rage wa kowa. Kuma dogon gudun Barkley ba sa'a ba ce, aikin masu buɗe masa hanya Jordan Mailata da Landon Dickerson da Cam Jurgens da Lane Johnson ne, a ƙarƙashin kocinsu Jeff Stoutland, kuma dukansu huɗun suna nan a kakar 2025. Mekhi Becton ne kaɗai ya tafi Chargers.

Hajiya Babba: Ba Becton kaɗai ya tafi ba, ɗana. Kellen Moore da ya tsara harin bara ya zama babban kocin Saints, an ɗora Kevin Patullo a gurbinsa. Ravens kuwa a kakar 2025 ma Todd Monken ne yake tsara musu, kuma sun riƙe mai buɗe hanya Ronnie Stanley a gefen hagu. Wanda tsarinsa bai canja ba ya fi sauƙin hasashe.

Ɗan Auta: Iyayena da yayyena, ni wannan ce shekarata ta biyu a gasar, don haka tambaya nake yi. Me yake faruwa da Henry a ranar da aka sha gaban Ravens da maki da yawa? Na lura idan suna baya kuma lokaci yana ƙurewa, sai a fitar da shi a sa Justice Hill, saboda shi ake jefa wa ƙwallo. Hill ya cafki 42 a bara, ya ninka na Henry. Barkley kuwa ba a fitar da shi a irin wannan hali, kuma a shekararsa ta farko a Giants ya cafki 91. Ashe wannan ba ya nufin ko a mummunar rana Barkley zai kawo wani abu, alhali Henry yana iya tashi da maki kaɗan?

Malamin Lissafi: Tambayarka tana kan hanya, Auta, kuma ita ce babbar raunin Henry a tsarin da ake ba da maki a kan cafka. Sai dai a yi adalci, cafka 33 da Barkley ya yi a Filadelfiya ba ta kusa da 91 ba, domin Eagles suna da masu cafka A.J. Brown da DeVonta Smith da Dallas Goedert, kuma Hurts ya fi son ya ruga da kansa a kan ya jefa gajeriyar ƙwallo ga mai gudu. Saboda haka fifikon yana nan, amma bai kai girman da sunan Barkley yake sa mutane su zata ba. Ravens kuma ba ƙungiya ba ce da ake yawan shan gabanta, sun ci wasa 12 a bara.

Shugaban Gasa: Madalla. Bari in ƙara misali ɗaya da duk muka gani da idonmu. Christian McCaffrey ne gwarzon ɗan wasan kai hari a 2023, ya kai 49ers har Super Bowl, kuma kusan kowace gasa shi aka fara ɗauka a 2024. Wasa huɗu kawai ya buga. Waɗanda suka ɗauke shi sun shafe rabin kaka suna neman wanda zai cike gurbi. Barkley ma ba baƙon jinya ba ne, jijiyar gwiwarsa ta tsinke a mako na biyu na 2020, kuma ciwon idon sawu ya hana shi wasanni a 2019 da 2021 da 2023. Henry kuwa in ban da karayar 2021, da wuya ka ga ya rasa wasa.

Malamin Lissafi: Yallaɓai, na yarda Barkley zai sauko, domin babu mai hankalin da zai sa ran yadi 2,000 sau biyu a jere. Inda na rabu da kai shi ne zaton cewa Henry ba zai sauko ba. Matsakaicin 5.9 shi ne mafi girma a duk rayuwarsa ta NFL, kuma faɗuwar masu gudu idan shekaru sun cim musu ba ta zuwa da sallama. Shaun Alexander ya yi yadi 1,880 a 2005, shekara ta gaba 896. LaDainian Tomlinson yana cika shekara 30 a 2009 ya tsaya a 730. Idan Barkley ya yi abin da Barry Sanders ya yi bayan nasa yadi 2,053, wato 1,491, ko abin da Chris Johnson ya yi, wato 1,364, ya haɗa da cafka talatin da wani abu, har yanzu yana cikin manyan masu gudu na gasa. Jerin da ka kawo ya nuna saukowa, amma yawancin mutanen cikinsa sun haura yadi 1,000 a shekarar da ta biyo.

Hajiya Babba: Malam, a nan ne farashi ya shigo. Barkley ba ya wuce mutum huɗu ko biyar na farko a yawancin zaɓukan gwaji da ake yi yanzu, Henry kuwa yakan kai ƙarshen zagayen farko ko farkon na biyu. Barkley mai yadi 1,364 wanda Hurts yake cinye masa tacdawun bai biya kuɗin zaɓi na uku ba, amma Henry mai yadi 1,300 da tacdawun 13 ya biya kuɗin zaɓi na goma sha biyu har da riba. Ni ce ta uku a jerin zaɓenmu na bana, kuma ba zan ɗauki Barkley ba. Idan Bijan Robinson ko Jahmyr Gibbs yana nan, shi zan ɗauka, domin dukansu ba su wuce shekara 23 ba kuma ana jefa musu ƙwallo sosai.

Masoyin Eagles: To Hajiya, ni ne na huɗu, kuma idan kin bar mini shi zan ɗauke shi ba tare da jinkiri ba, sannan in nemi Will Shipley, mai cike gurbinsa a Eagles, a zagayen ƙarshe saboda ko da jinya ta zo.

Shugaban Gasa: Ni na tara ne, don haka Barkley ba zai iso gare ni ba balle a gwada ni a kansa. Amma idan Henry ya iso, ba zan jira zagaye na biyu ba, domin zaɓi shida za a yi kafin layi ya dawo kaina, kuma na san aƙalla biyu daga cikin masu zaɓin suna karanta wannan muhawara.