Kwikwiyona na bin kaji, kuma ba na son dukansa: ya zan yi?

Mai Gidan Gona: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da ɗan gidan gona a bayan garin Funtuwa, kaji da awaki, sai na karɓo kwikwiyo don gadi, yanzu watansa huɗu. Da zarar kaza ta buɗe fiffike sai ya bi ta a guje, jiya har ya tuge wa wata gashin jela. Maƙwabta sun ce in ɗaure shi da sarƙa wuni sur, in zane shi duk sanda ya yi, wani ma cewa ya yi in zuba masa barkono a abinci don ya yi zafi. Raina bai kwanta da wannan ba, dabba ce da Allah ya ba ni amanarta. Don Allah wa ya san yadda ake horon kare ba da duka ba?

Baba Mafarauci: Wa alaikumus salam ɗana. Barkono ba ya sa kare jarumta, cikinsa kawai zai ɓata. Karen da ya saba shan duka matsoraci yake zama, shi ne kuma mai cizo ba gargaɗi.

Ka samo doguwar igiya da guntayen dafaffiyar hanta, ka yanka ƙanana kamar ƙwayar wake. Da safe kafin ya ci abinci, ka tsaya da shi nesa da kajin, inda zai hango su amma bai fara zabura ba. Ya zuba musu ido, ka kira sunansa. Yana waiwayowa, sa masa hanta a baki nan take. Idan ya ƙi waiwayowa, kun matsa da yawa, ja da baya. Minti biyar ya isa, ku tashi tun bai gaji ba. Kullum ka ɗan rage tazarar, har ya zamana ganin kaza na sa ya juyo ya dube ka. Amma a tsakanin nan kada ka sake shi cikin kaji ko sau ɗaya, domin gudun nan kansa daɗi yake masa, duk bin da ya yi yana rushe aikinka. Kuma kowa a gidan ya riƙe kalma ɗaya. In "bari" ce, to "bari", ba yaro ya ce "kai", uwargida ta ce "tafi" ba.

Koyar da kare ba baƙon abu ba ne a wurinmu, aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta ambaci dabbobin farauta da aka koyar.

Likitar Dabbobi: Baba ya gama magana. Abin da zan ƙara shi ne, kare na haɗa lada da abin da ya yi cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu ne kawai. Shi ya sa idan ka dawo ka tarar da ɓarna ka dake shi, bai san laifinsa ba, abin da ya koya shi ne dawowarka abin tsoro ce. Tsakanin wata huɗu zuwa shida haƙoransa ke sauyawa, ka ba shi abin tauna, ko igiya mai kauri da aka ƙulla. Ban da dafaffen ƙashin kaza, yana tsagewa ya soki hanji. Ban da ragowar miya mai albasa da yawa, albasa na lalata jinin kare.

Malam, an yi masa allurar ciwon haukan kare? Daga wata uku ake fara ta, a riƙa maimaitawa duk shekara. Ka kai shi asibitin dabbobi cikin makon nan, tunda akwai yara.

Mai Gidan Gona: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gobe zan kai shi allurar. Amma Baba, idan na saba masa da lallashi haka, anya zai yi gadin kuwa?

Baba Mafarauci: Zai yi. Haushin baƙo ba a koya wa kare, da kansa zai fara idan ya girma ya san nan gidansu ne. Ka riƙa zagaya iyakar gonar da shi safe da yamma, ya san mutanen gida da masu yi maka aiki ɗaya bayan ɗaya. In ya yi haushi da dare, fito ka duba, ka yabe shi, sannan ka ce ya isa. Ka tanadar masa inuwa da ruwa, musamman lokacin bazara.