Mandarin ɗina yana ta ramewa, gansakuka kuma ta rufe gilashi

Abban Nana: Salamu alaikum jama'a. Tankin kifina na ruwan gishiri ne, lita 60. Asali na ƙanina ne, da aka yi masa canjin wurin aiki ya bar min shi, ni kuwa da ma na ruwan daɗi na iya, uwargida ma sai da aka sha fama kafin ta yarda a ajiye shi a falo. Wata uku ke nan da na zuba duwatsu da murjani masu laushi. Akwai kifin kilawun biyu, sai wani ɗan kifi mai suna mandarin da na ƙaro saboda kyawunsa. To yanzu cikinsa ya lotsa, yini yake yana tsattsagar dutse, ko kallon abinci ba ya yi. Na ƙara yawan abincin, sai gansakuka ta taso. Me zan yi?

Injiniya: Wa'alaikumus salam. Malam, ka mayar da shi inda ka saya tun yana da rai. Mandarin ƙananan halittun nan masu rai da ake kira kofifod yake ci, yini guda yana tsintar su. Tanki mai lita 60 ɗan wata uku ba ya haifar da abin da zai ƙosar da shi, ya riga ya cinye na kan duwatsun. Abincin da kake ƙarawa ruɓewa kawai yake, ya zama naitiret da fosfet, su ne takin gansakukar. Nawa naitiret ɗinka? Wane abinci ma kake ba su?

Maman Iman: Haba Injiniya, ba duka ba. Nawa yana cin daskararren maisis, wato ƙananan jatan lande, da bututu nake ajiye masa a gabansa bayan na kashe famfo. Abban Nana, ka sayi kofifod na kwalba ka riƙa zubawa da dare, ka kuma ƙyanƙyashe ƙwan atimiya, wasu ƙananan halittun ruwan gishiri, ka ba shi jariran.

Injiniya: Hajiya, naki lita nawa? Shekara nawa da kafawa? Kuma kilawun biyu za su wawushe komai kafin shi ya gama tunani.

Ɗan Teku: Laifin masu sayarwa ne wallahi. Ni ɗan shuɗin tang aka liƙa min, wai ƙarami ne zai zauna a lita 80, ashe kifi ne mai son ɗaruruwan lita. Ya fito da ɗigon fari, aka ce in zuba maganin tagulla. Ba wanda ya gaya min yana kashe murjani da jatan lande. Har yau raina a ɓace yake.

Abban Nana: Allah ya mayar da alheri. Amma ni nawa ba ciwo yake ba. Kuma ruwana garau yake, ma'aunin gishiri 1.025, zafi digiri 25.

Injiniya: Ruwa garau ba gwaji ba ne. Naitiret na tambaye ka. Ka rage abinci zuwa abin da kilawun za su cinye cikin minti ɗaya ko biyu, ka canja kashi 10 cikin 100 na ruwan duk mako. In kana son kifi na uku, ka sa gobi mai gadin rami, ko fayafish amma da murfi, don yana tsalle.

Maman Iman: Kifin da ke jin yunwa za a rage wa abinci?

Injiniya: Da ma ba ci yake ba, Hajiya.

Abban Nana: Gaskiya mayar da shi zai yi wuya, yara sun riga sun sa masa suna. Kuma a can ma tankin da na gan shi bai kai nawa girma ba. Zan gwada na Maman Iman. Kwalbar kofifod ɗin kwana nawa take yi?

Ɗan Teku: Ni dai kada ka koma wurin mai sayarwa neman shawara.

Injiniya: Har yanzu ba ka faɗi naitiret ɗin ba.