Inda lissafin wakafi mai yawo ya fara ba mu wuya a yaren Assembly

Ɗalibi daga Ali Ɗan Sofo: Assalamu alaikum. Ina roƙon 'yan'uwa da suka koyi lissafin wakafi mai yawo, wato yadda kwamfuta ke riƙe lambobi masu wakafi, a Assembly, yaren rubuta umarni kai tsaye ga kwamfuta, su faɗa mana inda ya fara ɗaure musu kai. Ni a kan 0,1 na yi tuntuɓe. Na rubuta shi a NASM, manhajar da ke fassara Assembly, da bit 32 (bit shi ne sifiri ko ɗaya), na leƙa ƙwaƙwalwar kwamfuta, sai na tarar da 3DCCCCCD a rubutun hex (lissafin goma sha shida), lambar da ta kusa 0,1 amma ba daidai take ba. Kwana biyu ina zargin kaina, kafin in gane cewa a ƙa'idar IEEE 754 ta 1985 bit ɗaya na alama ne, 8 suna nuna mazaunin wakafi, 23 suna ɗauke da lambar kanta, kuma ɗaya bisa goma ba ya ƙarewa a lissafin sifiri da ɗaya, kamar yadda ɗaya bisa uku ba ya ƙarewa a namu.

Malama daga unguwar Zariya: Wa alaikumus salam. Ni rajistocin x87 ne suka wahalar da ni, wato ƙananan ma'ajiyoyin lamba na sashen kwamfuta da ke wannan lissafi. Guda takwas ne, daga ST0 zuwa ST7, kamar kwanuka da aka ɗora bisa juna. Na riƙa ɗorawa da umarnin fld ba na saukewa da umarnin fstp, a ɗori na tara kuwa sai NaN, alamar "ba lamba ba ce", ya fito, ya bi sauran lissafin ya lalata. Tun da na koma rajistocin xmm, waɗanda ba a ɗora su bisa juna, da umarnin tarawa na addsd na huta.

Ɗan kasuwa daga Sabon Gari: Malama, naki da sauƙi, tunda kuskuren ya nuna kansa. Na rubuta wa kawuna ɗan shiri na tara kuɗin gyaɗa da wakafi mai yawo na bit 32, yana tafiya lafiya har jimla ta haura sefa 16.777.216. Daga nan idan aka ƙara dala ɗaya, wato sefa biyar, sai jimla ta ƙaru da huɗu ko shida, domin bit ɗin ba su isa riƙe kowace lamba ba. Kawu da littafinsa ya kama ni, kuma bai raga mini ba a gaban yaran shago. Yanzu da cikakkun lambobi nake ƙirga kuɗi.

Ɗalibi daga Ali Ɗan Sofo: Allah ya kyauta, yaya. Ga wani wurin tuntuɓen kuma: wanda zai kira printf, mai nuna lamba a allo, a Linux mai bit 64 ya fara mai da lambarsa zuwa bit 64 da umarnin cvtss2sd, sannan ya sa adadin rajistocin xmm da ya miƙa lambobi a cikinsu a rajistar AL.