"Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo": har da ɗakin zuciya?

Halima Wadata: Assalamu alaikum. Karin maganar nan an fi jawo ta kan sha'anin gida, amma yanzu ina jin ana ɗora ta kan zuciya. Wata maƙwabciyarmu, yayarta ta ce mata haushin kishiya ne take hucewa kan yara, sai ta amsa: "Ni na san abin da ke raina, mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo." Shin nan muhallinta ne?

Ɗan Bilbis: Wa alaikumus salam. Muhallinta ne mana. Wa zai ji baƙin ciki a madadinka? Ko likita sai ya tambaye ka inda ke ciwo.

Inna Rabi: Ɗana, Bahaushen da ya faɗi wannan shi ya ce gwano ba ya jin warin jikinsa, ya kuma ce labarin zuciya a tambayi fuska. Mutum zai shigo gida fuska a murtuke, ya ture buta da ƙafa, ki ce lafiya, ya ce lafiya lau. Kuma ba ƙarya ya yi miki ba, wallahi bai lura ba. Sai bayan isha ya ce, ashe maganar da aka gaya mini a kasuwa ce ke cina tun hantsi.

Baba Magini: Ku bari in sa baki, don yoyo sana'ata ce. Rufin soro irin namu na Tawa, azara ce a ƙasa, a shimfiɗa kirare ko zana, a zuba ƙasa a daɓe. In ruwan Agusta ya sauka aka kira ni, mai ɗaki yakan nuna mini inda ya aza kwano yana tarar ɗigo. Ban taɓa ganin ya yi kuskure a wannan ba, shi ya kwana yana janye tabarma. Amma in na hau bisa, sau da yawa tsagar ba a saitin kwanon take ba. Tana can gefen indararo inda ƙasa ta zaizaye, ruwa ya shiga nan, ya bi jikin azara, ya je tsakiyar ɗaki ya ɗiga. In na yaɓe inda ya nuna, ruwa na gaba zai sake kirana. To haka na ɗauki maganar ga. Inda ke ɗiga, mai ɗaki ne gwani. Inda ya tsage, sai an hau.

Mushe Sule: Baba, Allah ya ƙara girma. Abin da ka faɗa masana halayyar ɗan Adam sun gwada shi. A 1977 Richard Nisbett da Timothy Wilson na jami'ar Mishigan a Amurka suka ba da labarin wani gwaji: sun jera safa ta mata kashi huɗu a kan tebur, suka ce masu wucewa su zaɓi wadda ta fi kyau. Safar duk iri ɗaya ce. Mutane suka fi ɗaukar ta ƙarshen hannun dama, kusan ninki huɗu a kan ta ƙarshen hagu. Da aka tambaye su dalili, wannan ya ce laushi, wancan ya ce saƙa. Da aka ce ko wurin da aka ajiye ta ne ya ja su, kusan duka suka musa. Sun san wadda ta kwanta musu a rai, dalilin ne ya ɓace musu, zuciya ta ƙera wani nan take, su kuma suka gaskata ta.

Malam Abdu: Mu yi hattara dai, kada a ba kowa mafaka ya ce ai ban san dalilina ba. Suratul Ƙiyama, aya ta 14 da ta 15, ta ce mutum mai shaida ne a kan kansa ko da ya jero uzurorinsa. Akwai wanda tsagar ta ɓoye masa, akwai wanda ya san ta sarai, hawan ne ba ya so. Don haka malamai suka matsa kan muhasaba, mutum ya zauna ya tuhumi niyyarsa. Harisul Muhasibi, malamin da ya rasu a Bagadaza a 857 miladiyya, daga wannan ɗabi'ar ya samo laƙabinsa, kuma ya yi dogon bayani kan yadda riya ke shiga aikin mutum ba tare da ya farga ba.

Ɗan Bilbis: Na karɓi na Baba, amma ban saki nawa duka ba. Abin da nake tsoro shi ne masu hawa rufin mutane ba a gayyace su ba. Matar da mijinta ya tafi Abijan shekara biyu ba aike, ta ce ba ta barci, ƙirjinta ya yi nauyi, sai dangi su ce shagwaɓa ce, ko su ce iska ce a nemo turare. A irin wannan wurin karin maganar garkuwa ce, kuma ina so ta riƙe ta da ƙarfi. In ta ce yana ɗiga, yana ɗiga.

Inna Rabi: Wannan gaskiya ne ɗana, na ga irinsu da idona, kuma abin na ƙona mini rai.

Halima Wadata: Ke nan da a ce yayar ta ce mata "ba abin da ke damunki", da amsar ta zauna. Amma ba ta musa damuwar ba, mafarinta ta nuna mata.

Inna Rabi: Haka ne 'yata, sai dai ban yanke wa maƙwabciyarku hukunci ba tukuna. Ita yayar ma tana iya nuna wurin da ba shi ba. Wataƙila ba kishiya ba ce, kuɗin cefane ne, ko ciki ne da ita ba ta faɗa ba. Gaya mini, yayar nan gida ɗaya suke, ko daga Yamai take zuwa ta kwana biyu ta koma?