Hanyar zawiyyar Shehu Tijjani a Fas ga mai ciwon gwiwa

Assalamu alaikum ƴan uwa. Daga Tahoua muka zo ziyara Fas, Maroko, da Inna mai ciwon gwiwa. Mota ba ta shiga tsohon garin inda zawiyyar take, sai ƙafa da alfadarai. Jiya ta ƙofar garin da ake kira Bab Bujlud muka shiga, muka gangara titin Tala'a Kabira, minti 40 cur. Dawowa kuwa hawa ce zalla, Inna na dafa bango tana haki. A lungunan da aka rufe samansu, ɗigon Google Maps sai tsalle yake, sau 2 yana kai mu lungu marar ɓullewa kusa da masallacin Ƙarawiyyin.

Don Allah wanda ya san wurin: in taksi ya sauke mu dandalin Rasif, akwai hanya zuwa zawiyyar marar matakala da hawa?